Fitilun Goggo Dudu

Cikin bargo ta naɗo su daga Jidda,
dogaye shida, farare kamar ƙashin raƙumi.
Shekara goma sha tara suna haska mata ɗinki
a wani ɗaki marar taga.
Ƙwai ya mutu a sake wani,
gidan ƙarfen dai bai taɓa sauyawa ba.
Ranar da aka ce kowa ya kama hanyar garinsu
ta bar keke, ta bar tukwane,
ta ce, waɗannan kam sun san idona.

Talata da la'asar na isa Rumde Ajiya,
jakar aiki ɗaure a bayan babur.
Kafin in kashe inji
ɗanta Sa'adu ya riga ya jona ta farko.
Tas!
Sai wari irin na babbakar kan akuya,
hayaƙi siriri yana neman ƙofa.
Yaron ya tsaya da waya a hannu
yana ba da haƙuri da Larabci.

Na ce, Goggo, kar ki yi masa faɗa.
Wutar unguwarku ta can ɗari ce da ashirin da bakwai,
tamu ta Garwa ɗari biyu da ashirin,
in ruwan Lagdo ya tashi da ƙafar dama.
Wanda ya saba kurɓa a ludayi,
an kifa masa tulu a baki,
ai dole ya shaƙe.

Na kwance bayan ta biyu a kan tabarma.
Gilashi ba ruwansa da tuta,
hasken da ke cikinsa bai san kan iyaka ba.
Rigimar tana wurin wani baƙin ƙarfe
mai nauyin kwaɗon shago,
cok muke ce masa,
shi ke auna wa fitila abin da za ta iya haɗiyewa.
Nasu an rene shi a kan wani mudu.

Hanya biyu ce, na ce mata.
In sayo tiransifoma,
ya zauna a lungu yana gurnani dare da rana,
yana rage wutarmu kafin ta iso,
fitila ta yi ta zaton tana Jidda har ta mutu.
Ko kuwa in cire cok, in cire sitata,
in dasa mata na kasuwarmu,
jaka guda da rabi kowace ɗaya,
ta koyi cin abin da muke ci.

Ta daɗe tana murza bakin gyale.
Akuyar maƙwabta ta leƙo, ta koma.
Can ta ce, ba na son wanda zai zauna mini a ɗaki
yana yi mata ƙarya.
Sake mata ciki.

Sa'adu ya riƙe mini tsani.
Na ce filaya, ya miƙo sukudireba,
na nuna da baki, ya yi dariya, ya gane.
Ja zuwa ja, shuɗi zuwa shuɗi,
tef a haƙori, gumi a ido,
ana kiran magariba daga wajen Binuwai.

Na ce, danna.
Ta ƙifta sau ɗaya.
Ta ƙifta sau biyu, kamar baƙo a bakin zaure
yana jiran a amsa sallama.
Sai ta shigo gaba ɗaya.
Tsagar bango ta fito, gizo-gizo ya gudu,
Goggo ta zare allura daga ɗankwali
ta zura zare, karo ɗaya, ba ta ce komai ba.

Huɗu na gyara a daren nan.
Da na kai hannu ga ta ƙarshe
ta dafa ta da tafin hannu.
Wannan bar ta yadda take.
Ta mayar da ita cikin bargo,
ta tura ƙarƙashin gado.
Ban tambaya ba.
Kuɗin huɗu na karɓa.